A Hannun Lawan Za Ki Koya

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ƴata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, har da wadda na hana ki ranar Juma'a. Ina fata kin tashi lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya tsare ku da tsarewarSa, Ya rufa muku asiri, Ya sa takardar nan ta same ki cikin sanyin rai, don abin da ke cikinta yana son a karanta shi a zaune.

Na san za ki ce me ya yi zafi, tsakanin unguwar Birni da ta Zango har sai an rubuta wasiƙa. Gaskiyarki. Da na tare kabu-kabu da na iso ƙofar gidanku kafin shayi ya huce. Amma na san bakina. In na zauna a gabanki zan fara da nasiha in ƙare da faɗa, ke ki sunkuyar da kai ki ce "To, Baba," in tashi in tafi ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Takarda kuwa, in na rubuta abin da bai dace ba, ina iya yagawa. Wannan da ke hannunki ma ba ita ce ta farko ba.

Innarki ta gaya mini kin ce ranar Litinin za ki je ki shaida wa masu horon nan ba za ki samu tafiya ba, wai yara sun yi ƙanana. Uwani, ƙaramin cikinsu shi ne ya hau katangata ya ƙarar mini da gwaiba tun ba ta nuna ba. Kada ki ɗora wa yara. Ni da ke mun san saboda wa za ki fasa.

Kin shigo ranar Juma'a da murnarki, ko lulluɓi ba ki cire ba, kika ce an zaɓe ki cikin malaman da za a horar su zama daraktocin lakwal, shugabannin makarantun boko. Kika yi mana bayani: za ku fara da ƴan watanni a Yamai kuna karatu tare da ƴan uwanki malamai daga ko'ina, sannan a ɗauki kowa a kai shi wurin wani gogaggen darakta, ya zauna a gefensa shekara guda yana kallon yadda ake riƙe makaranta, yana tambaya, ana gyara masa, kafin a miƙa masa tasa. Innarki ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ni kuwa na tambaya wa za a ba ki, kika ce Mushe Lawan, a Magarya. Sai na ji bakina yana cewa, "Lawan? Lawan ɗin da na sani? Me Lawan zai koya miki wanda babu shi a gidan nan?" Na tsame hannuna daga tuwo, na sa takalmi na fita. Na ga fuskarki lokacin da nake fita, kuma har yanzu ba ta bar idona ba.

Bari in kira abin da sunansa, tunda ni ne babba. Ƙyashi ne. Ba tsoron nisa ba ne, ba tausayin jikokina ba ne, ƙyashi ne tsagwaronsa, irin na yaron da aka ɗinka wa ƙanensa rigar salla shi aka ce ya yi haƙuri da ta bara. Ina ƙyashinki, ke da na haifa, don an ba ki abin da ba wanda ya taɓa tunanin ba ni. Ina ƙyashin Lawan don shi aka ga ya isa ya koyar. Tun da na ji labarin wannan tsari nake kasa kunne, ina cewa ko za su tuna akwai wani tsoho a Birni da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana riƙe makarantu. Har rigar da zan sa in sun kira ni na zaɓa a raina. Ba su kira ba. Yau na san sun yi daidai, amma sanin bai hana abin ci mini rai ba.

Ga yadda aka horar da ni, ki ji ki kwatanta. Ina koyarwa a nan cikin gari, ban daɗe da fara aiki ba, aka aiko mai duba makarantu yana kirana. Na same shi yana rubutu, ko kai bai ɗaga sosai ba ya ce, "Mushe Abdu, akwai lakwal a wani ƙauye can bakin tafkin Gidimuni, ba darakta. Kai ne. Ka iya faransanci, ba ka da fitina, ka je." Ya miƙo mini mabuɗi da hatimi. Na tsaya ina jira ya ƙara wani abu, sai ya ce in ja masa ƙofa in zan fita. Iyakar horona ke nan, daga farko har ƙarshe.

A lokacin ban ga rashi ba, girma na gani. Na bi lungunan Birni a hankali da yamma don a ce "Darakta, an fito?" Kakarki da kika ci sunanta ta toya waina ta raba sadaka. Na riga duk abokan karatuna zama darakta, na yi ta faɗa har suka riƙa sauya hanya in sun hango ni. Ba wanda ya ce mini iya koyar da yara dabam, iya riƙe makaranta dabam, kuma da an faɗa ban tabbata zan saurara ba.

Mutanen ƙauyen nan masu lambu ne: rake, dabino, rogo, albasa. Da sanyin safiya ake ban ruwa, kuma yara ne ke taya iyayensu. Ni ɗan birni, ban taɓa riƙe guga a lambu ba, sai in ga yara suna shigowa aji rana ta ɗaga, ƙafafu duk laka, bakin wando jiƙe. Na yanke hukunci a raina cewa wasa suke tsayawa yi a tafki. Na sa su durƙuso a rana, na yanko bulala, na rufe ƙofa ga duk wanda ya zo bayan an buga ƙararrawa. Na tara iyaye na yi musu huɗuba a kan darajar lokaci, ina yi ina tsoma faransanci don su san da wa suke magana. Suka saurara har na gama. Wani dattijo ya ce, "To, Mushe. Allah shi ba da haƙuri. Za a gyara."

Na koma ɗaki ina jin daɗi, na ce na iya aiki. Gyaran da suka yi kuwa shi ne, duk yaron da ke da ban ruwa sai a ce ya zauna gida gaba ɗaya, tunda zuwan nasa duka yake jawo masa. Aji ya riƙa raguwa a hankali. Ni kuma na riƙa gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa mutanen wurin ba sa son karatu. Sai da aka daɗe, wata safiya na fita neman iska na bi ta bakin lambuna, na ga ɗalibaina a sunkuye suna kora ruwa, sanyi yana kaɗa su. Da na ɗan matsa lokacin shiga aji, ko na sa darussa masu sauƙi a farko, da magana ta ƙare. Amma a lokacin rabin waɗanda suka tafi sun riga sun tafi.

Saboda haka ki ji. Shekarar nan da za ki yi a gefen wani, ba ke ce mai hatimi ba, ita ce dukiyar da ke cikin abin duka. Za ki samu damar kallo ba tare da kowa yana jira ki yanke hukunci ba. Ni ban taɓa samun ko yini guda irin wannan ba, daga sauka mota ni ne mai faɗa a ji. Ki yi kallo da kyau. In an ba ki taki makarantar, kada ki taɓa komai sai kin san daga ina yaranki suke fitowa da safe, da abin da suka bari kafin su zo. Kuma in kin tara iyaye suka ce miki "To, Madam," kada ki tafi gida da murna. Ki bi mutum biyu ko uku har gida ki gaishe su, a can za ki ji ainihin amsar.

Yanzu sai maganar Lawan, wadda kin san guntunta ba ki san tushenta ba. Ina can aka turo shi, yaro siriri ɗan Zango, da kekensa da akwatin ƙarfe, sabon fita daga makarantar horon malamai. Wata rana ina wucewa ta bakin ajinsa na ji hayaniya da dariya. Na leƙa, sai na ga ya zube ƙwallayen dabino a ƙasa, yara sun kewaye shi suna koyon rabawa, shi kuma in ya faɗa da faransanci sai ya maimaita da Hausa, ya sa wata yarinya ta faɗa wa ƴan uwanta da Barbarci. A zamaninmu an hana wannan, kuma da dokar na fake. Na shiga ba sallama, na karɓe alli daga hannunsa a gaban yara, na nuna masa bencin baya na ce, "Zauna can ka ga yadda ake koyarwa." Ya je ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Yara suka yi dariya, sannan suka yi tsit.

Doka ce na ce, amma ba ita ce ta kai ni ajin nan ba. In an tashi, yara rige-rige suke wajen tura masa keke, su raka shi har ƙofar ɗakinsa. Ni kuwa in suka hango ni sai su bi bayan danga. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Kin ga ashe ƙyashin nan ba ranar Juma'a aka haife shi ba, ya girme ki. Lawan ya ci gaba da gaishe ni kullum safe da ladabi, shekara na ƙarewa ya nemi a sauya masa wuri. Allah Ya haɗa shi da wata tsohuwar darakta da ta ja shi a jiki, tana shiga da shi duk inda za ta, tana tambayarsa me ya gani. Daga baya aka tura shi ƙarin horo. Ni ina nan da mabuɗina da hatimina, ina jin labarinsa yana tashi, makaranta bayan makaranta, ina cewa ai sa'a ce.

Uwani, aikin darakta da manya ne, ba da yara ba. Wannan ne abin da na fi daɗewa ban gane ba. Ranar da kika zama darakta za a ba ki malamin da ya fi ki iya koyarwa, yara su fi son sa, iyaye su riƙa ambatonsa a gabanki. Zai yi miki zafi. Kada ki ce mini a'a, ni na haife ki, na ga yadda kike tsuke baki in an yabi girkin ƙanwarki. In kin ji zafin nan ki shiga ofis ki rufe ƙofa har ya wuce, sannan ki fito ki tambayi malamin me yake bukata. In kuwa gyara ne da gaske, ki bari yara su tashi, ki fara tambayarsa shi me ya gani a darasin nasa. An ce haka Lawan yake yi, yana zama a bayan aji shiru, in an gama ya ja malami gefe su yi magana kamar abokai. Wanda ya ba ni labarin yana ta yabo, ni kuwa na ce masa ruwan alwalata yana jirana.

Akwai kuma abin da kika faɗa ranar nan a cikin murna, ba ki san ya soke ni ba. Kin ce ku da aka zaɓa za ku riƙa haɗuwa lokaci lokaci, kowa ya kawo matsalar da ta gagare shi a tattauna. Mu ma a da muna da taron daraktoci. Sai kowa ya sha wanka ya zo, a tambaye shi yaya makaranta, ya ce lafiya lau. Duk ɗakin lafiya lau. Kowa yana tsoron in ya ce ga abin da ya fi ƙarfinsa za a ce bai cancanci kujerar ba. A wata makarantar na yi fama da wani malami da ya girme ni nesa, wanda duk ranar kasuwa sai ya ɓace ya tafi cinikin awaki. Ban san yadda ake yi wa sa'an yayana magana ba, ban kuma iya tambayar kowa ba. Sai na riƙa haɗa ajinsa da nawa, shekara da shekaru, har muryata ta dushe, jinina ya hau. Wanda ke zama kusa da ni a taron nan, bayan duk mun ajiye aiki muna hira a wurin wani suna, ya ce shi ma ya yi irin wannan malamin, limamin gari ya kai wa maganar, aka gama a zama ɗaya. Muka dubi juna muka yi dariya, amma ni dariyar ba ta kai mini ciki ba.

Kuma ba ni kaɗai na biya ba, ku ma kun sha. Kin tuna yadda kuke tsit in kun ji sallamata, innarki tana yi muku alama da ido ku kwashe kayan wasanku. Abin da na kasa faɗa a taro shi nake kawowa gida in sauke a kanku. Don haka waɗannan abokan karatun naki ki riƙe su hannu bibbiyu. Ki zama ta farko da za ta ce, "Ni kam abu kaza ya gagare ni." Za ki ga ɗakin ya saki jiki. In an watse kowa ya kama makarantarsa, kada ki bar zumuncin ya mutu, ga waya a hannun kowa. Mijinki mutumin kirki ne, ya yarda ki tafi ba tare da ja ba, kada ki saka masa da irin fuskar da na riƙa kawo wa innarki.

Da a nan wasiƙar za ta tsaya, da ban yage na farkon ba. Abin da ya sa na sake zama shi ne, jiya bayan la'asar ina zaure aka yi sallama. Lawan ne. Ya bar motarsa can bakin titi ya tako rairayin lungunmu da ƙafa. Gemunsa ya yi fari, abin da ya ɗan sanyaya mini rai, don na ɗauka ni kaɗai na tsufa. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, na nuna masa kujera ya ƙi, ya zauna a gefen tabarma. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi jiki, ya tambayi iyali, ya yi mini ta'aziyyar mutanen da ni kaina na fara mantawa sun rasu.

Sannan ya ce, "Mushe Darakta, an ba ni ƴarku. Na ce ba ni karɓa sai na ji daga bakinku."

Na ce, "Ai ba ni na raba ba, waɗanda suka raba sun san wanda ya iya."

Ya yi murmushi, sannan ya ce akwai magana ta biyu, ita ce ma ta fi kawo shi. Ya ce duk waɗanda ake turo masa, akwai wani labari da yake fara ba su, bai taɓa faɗin suna ko gari ba. Amma in kina zaune a wurin za ki gane, shi ya sa ba zai buɗe baki ba sai da izinina. Na ce wane labari. Ya ce, "Na raken nan."

Kin san shi, Uwani. Na sha ba ku shi kuna yara, ina kaɗa ƙafa. A kwanakina na farko a ƙauyen nan na bakin tafki, ƙanen Bulama, wato mai garin, ya zo ƙofata da rana tsaka, da wasu dattawa, ɗauke da damin rake da ƙwaryar dabino. An gargaɗe mu tun a makarantar horon malamai kada mu karɓi komai daga hannun iyayen yara. Na tsaya a bakin ƙofa, ko tabarma ban shimfiɗa musu ba, na ce, "Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba a sayena. Ku mai da." Suka ɗauka suka juya. Kullum a nan nake tsayawa in dube ku in ce, to ku ga yadda mutum yake riƙe mutuncinsa.

Da Lawan ya ce labarin rake, har na gyara zama. Na ce a raina ashe dai yaron nan ya san abin kirki, ashe da ni ake buɗe karatu. Sai ya ci gaba, idonsa a ƙasa. Ya ce mutanen garin ne suka ba shi labari bayan ya zo. Damin nan ba na Bulama ba ne. In baƙon malami ya sauka, kowane mai lambu yakan yanko kara guda daga nasa, a haɗa a ɗaure, ma'ana ga gidana, ga ƴaƴana, mun ba ka amana. Abin da ake jira shi ne baƙo ya karɓa ya sa albarka, ya sa a yayyanka a raba wa yara da malamai, washegari ya je ya yi godiya. Ni kuwa na sa dattawa suka ratsa gari da damin a ka, kowa yana kallo, suka kwance shi a ƙofar Bulama, kowane mutum ya zo ya zare nasa karan ya koma gida da shi. Ya ce tun daga ranar unguwar Bulama gaba ɗaya ba ta sake rubuta ɗa ko ɗaya a lakwal ba har na bar garin.

Na san ba su kawo yara ba. Na yi shekaru ina faɗa a gaban manya cewa unguwar nan ta fi ko'ina duhun kai. Sai jiya, da furfurata, a zauren gidana, na ji dalili.

Na ji kamar in ce ya tashi ya ba ni wuri. Na ce, "Kai ka san wannan tun lokacin, me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Mushe Darakta, a lokacin wa ke iya gaya muku magana?"

Innarki ta aiko da ruwa, ya sha, ni na kasa. Ya ce ba don a yi dariya yake ba da labarin ba. Yana ba da shi ne don su koyi rarrabe abin da gari ya kawo da rana a gaban kowa, da abin da mutum ɗaya zai kawo a ɓoye saboda jarrabawar ɗansa. Ya ce yakan gaya musu daraktan nan mai gaskiya ne, gaskiyar ce ma ta kai shi, abin da ya rasa kawai wanda zai taɓa masa hannu ya ce dakata. Ban san ko ya ƙara wannan don ya lallashe ni ba ne. Ni dai tunanina ya tafi wurin yaran unguwar nan. Yanzu magidanta ne, wasu da jikoki. Wataƙila cikin masu kawo rake kasuwar garin nan akwai su, wataƙila na taɓa tsayawa na taya a hannun wani, yana ba wani yaro wayarsa ya karanta masa saƙo. Ba su yi mini komai ba, iyayensu ma alheri suka kawo.

To ga abin da kike shirin ajiyewa ranar Litinin don kada ran babanki ya ɓaci. Za a ba ki makaranta ko ba daɗe ko ba jima, da horo ko babu, don kin iya aiki kuma ana ganinki. Abin da ya rage shi ne ko za ki shige ta da wanda ya taɓa riƙe miki hannu, ko za ki shige ta kamar yadda na shiga tawa. Akwai wata unguwa a wani gari da ba ki sani ba tukuna, da yaran da ba a ma haifa ba, su za su biya in kika zaɓi farin cikina. Ban yarda ba. Ban yafe ba in kika fasa saboda ni.

Na ba Lawan amsa biyu kafin ya tashi. Na ce ya riƙe ki, kuma kada ya raga miki don kina ƴata. Na ce ya ba da labarin. In ya fara, kada ki sunkuyar da kai. In ƴan uwanki sun yi dariya ki bar su, abin dariya ne ga wanda aka riga aka gaya wa. In ya gama ki ɗaga hannu ki ce mahaifinki ne, yana nan da rai a Birni, kuma sai bana ya ji ƙarshen labarin nasa. Na so in shiga ajin nan ina ɗalibi, ba a yi shi a zamanina ba. Na so in shiga ina malami, ba a kira ni ba. To in ta wannan ƙofar ce kaɗai zan shiga, na yarda, a shiga da ni.

Kada ki ɗauka ƙyashin ya tafi. Yana nan daram, da shi na kwana da shi na tashi. In kin zo hutu kina "Mushe Lawan ya ce, Mushe Lawan ya yi," ki yi a ɗakin innarki, ki rage murya. In kin ga na idar da salla na sha shayina, fuskata ta saki, sai ki zo ki zauna ki faɗa mini yadda ake yi, dalla-dalla. Zan yi gardama, ki yi haƙuri ki ci gaba.

Ki kawo yara nan da kayansu, mun shirya musu wuri. Ranar Litinin ki je da wuri ki ce musu kin amsa.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin mutum da na zuciya, har da ta mahaifinki. Allah Ya buɗa miki ƙirji, Ya haɗa ki da abokan arziki, Ya sa duk garin da aka kai ki su yi murna da zuwanki, su yi kewarki in kin tashi. Allah Ya ba Lawan lafiya da tsawon rai, Ya saka masa da alheri, Ya ɗaukaka shi fiye da inda yake. Wannan ta ƙarshen na daɗe riƙe da alƙalami kafin ta fito, amma ta fito, kuma har zuciya.

Wassalamu alaikum.

Ni ne,
Babanki.